Na Tona Asirin Ɗantsoho, Ashe Matar Ƙanena Ce

Assalamu alaikum Hajiya Adama,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don kwana tara kacal suka rage mini. Na tafka ɓarna da bakina, abin haushin kuma cikin tsananin murna na tafka ta. Har yanzu da nake rubuto miki, in na tuna abin sai in kama kaina ina murmushi, can kuma in kama salati.

Ni dillalin dabbobi ne, shekaruna arba'in da tara. Asalinmu mutanen Babban Mutum ne, amma sana'a ta zaunar da ni a Daura da iyalina. Kada ki ce me ya kai mai furfura wasan yara, ki bari ki ji tukuna.

Bara da damina wani abokin sana'ata ya saka ni a wani zaure na WhatsApp mai suna Garin Kanya. Gari ne da babu shi a duniya, mutum goma sha huɗu suka ƙirƙiro shi. Kowannensu ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, akwai mai gari, akwai ungozoma, da mahauci, da mai shayi, da wani ɗan banzan tela Jafaru da ba ya gama ɗinki. Babu wanda ya tsara labarin tun farko. Wannan ya rubuto abin da mutuminsa ya ce ko ya yi, wancan ya mayar masa nan take, a haka labari ke tafiya, ba wanda ya san inda za a kwana. Zauren biyu ne. Akwai Dandali, inda ake wasan, an kulle shi, 'yan wasa kaɗai ke iya rubutu, mu sai karatu. Sai kuma Rumfa, inda mu 'yan kallo muke baje kolinmu, mu yi sharhi, mu yi musu, mu yi dariya. Mun haura ɗari biyu, har da mutanen Nijar. Ana farawa bayan la'asar, da an kira magariba a tashi.

Shugabar zauren wata malamar Islamiyya ce, Malama Amatullah, kuma ba ta da wasa ko kaɗan duk da wasa take shugabanta. Ta hana batsa, ta hana rantsuwa da Allah a cikin wasa, ta hana a furta kalmar ɗaurin aure ko ta saki ko da wasa ne. Mu 'yan kallo kuma doka ɗaya ce babba a kanmu: kada wanda ya nemi sanin waye ke bayan wane, in ma ya sani ya kama bakinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, tun kafin wannan ɓarnar ni ba ɗan kallon kirki ba ne. Sau biyu tana yi mini kashedi. Na farko, mahaucin ya sayi saniya a labari ya ce shekararta biyu alhali ya siffanta ta da cikakkun haƙora, ni kuwa raina ya ƙi ɗauka, na cika Rumfa da bayanin yadda ake duba bakin dabba har mutane suka manta ana wasa. Na biyu, na bi mai yin Jafaru ta saƙon sirri na ba shi shawarar yadda zai kuɓuta daga hannun mai gari. Ki yi mini uzuri, Hajiya, aikina ke nan tun ina saurayi, in na ga mutum biyu suna ja-in-ja sai na shiga tsakani.

To yanzu ga Ɗantsoho. Wayyo Hajiya, da kin san Ɗantsoho! Wani tsohon manomi ne a garin, mai faɗan tsiya, mai baki kamar barkono, amma in ya ga yaro da yunwa shi ne farkon mai buɗe rumbu. Duk Rumfa shi muke jira. In ya shigo Dandali, ko ciniki nake sai in ce wa mai saye ya ɗan dakata. Tun makon farko nake jin wani abu game da shi da na kasa faɗa wa kowa. In zai yi faɗa sai ya fara da yi wa mutum madalla. Kowa ɗan nan ne a bakinsa, har mai gari. Ba ya sa hannu a tuwo sai ya tambaya ko dabbobi sun ci. Haka mahaifinmu yake sak, Allah ya jiƙansa, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Na ce a raina ai tsofaffin ƙauye duk kamarsu ɗaya. Amma gaskiya ita ce kullum bayan la'asar ji nake kamar na koma gida na tarar da Baba a kan buzunsa.

Ranar da abin ya faru ina tsakiyar kara a kasuwar Mai'adua, rana ta fara sanyi, na jingina da wata mota na buɗe waya. Sai ga Ɗantsoho yana yi wa Jafaru gori kan lalaci, ya kawo labarin jakinsa da ya tsinke igiya ana gab da shuka, ya tsallaka Nijar, aka neme shi aka gaji, sai ran da aka gama kai amfanin gona gida ya dawo da ƙafarsa, ya yi ɓul-ɓul. Ya ce shi kuwa ya fito ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo masa ruwa a kwanon baƙi, ya tambaye shi ya mutanen can. Hajiya, wannan jakin namu ne! Ina da shekara goma sha biyu aka yi, ni na riƙe kwanon! Babu wanda ya san zancen tabarmar nan sai 'yan gidanmu. A cikin 'yan gidan kuwa, mutum ɗaya ce ta zauna da Baba shekara uku yana jinya, tana dama masa kunu yana ba ta labari daga safe har yamma. Maijidda ce, matar ƙanena Hafizu.

Maijidda fa! Yarinyar da shekara goma sha ɗaya tana gidanmu ban taɓa jin ta haɗa jimla uku a gabana ba. In na je, daga bayan labule take durƙusawa ta gaishe ni. Ashe ita ce ke sa mutum ɗari biyu dariya har da hawaye. Ni ko lambarta ba ni da ita, me zan yi da lambar matar ƙanena, balle wannan layin daban ne da Hafizu ya saya mata don wasan.

Wallahi ban san lokacin da na danna wurin ɗaukar murya ba. A tsakiyar shanu na tsaya ina ɗaga murya, na faɗi sunanta, na faɗi sunan mijinta, na faɗi garinmu, na ce Ɗantsoho ubana ne kuma surukarsa ce ke yin sa, na sa mata albarka, na yi kuka, na yi dariya, na tura Rumfa. Minti huɗu cur. Sai da abokina ya kira ni yana salati na farga. Na goge, amma mutum tamanin da wani abu sun riga sun saurara, kuma 'yan wasa ma suna karanta Rumfa.

Daga wannan lokacin Ɗantsoho bai sake cewa uffan ba. Yana tsakiyar magana ya tsaya. Yau kwana goma sha biyu. Rumfa ta rabu biyu, wasu na zagina, wasu kuma, waɗanda suka fi ba ni haushi, suna ta mamakin wai ashe mace ce, suna tambaya ko tana da ƙanwa. Na kira Hafizu, ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce mini ita fa ba dariya take ba. Ya ce da ta ji muryata sai ta ajiye wayar ta shige ɗaki, tana ta lissafo irin maganganun da ta rubuta wata bakwai Yaya na karantawa. Ya ce wasan nan shi ne abin da take ɗoki a yini, tun da hantsi take gama aikinta don ta samu sukuninsa, yanzu kuwa ko cajin wayar ba ta yi. Na je gida ranar Juma'a, ko gaisuwar bayan labulen ban samu ba, aka ce tana maƙwabta.

Malama Amatullah ba ta kore ni ba, kuma da ta kore ni da ya fi mini sauƙi. Ta dai sanar cewa labari ba zai tsaya har abada ba, in Ɗantsoho bai dawo ba zuwa Juma'ar sama, za a rubuta cewa ya kwanta ciwo ya cika. Hajiya, na binne ubana sau ɗaya, ba zan iya zama ina kallo a sake binne shi a waya ba.

Ga dabarun da na yi tunani, ki zaɓa mini. Ko in sayi turmin atamfa mai kyau in ɗauki matata Shatu mu je takanas in ba ta haƙuri baki da baki. Ko in sake yin saƙon murya a Rumfa in roƙe ta a gaban kowa, in sa jama'a su taya ni. Ko kuma, wannan ita ta fi kwanta mini, in yi sallama a fili in fita, Maijidda ta saki jiki ta dawo, ni kuwa in sayi sabon layi abokina ya mayar da ni da wani suna, in zauna shiru ba wanda ya sani. Na rantse ba zan ƙara tofa komai ba. Kuma don Allah ki faɗa mini gaskiya, laifi ne mutum ya yabi wanda ya burge shi? Ni fa alfahari nake da ita.

Naku,
Ɗan Kallo Mai Zumuɗi, Daura

*

Wa alaikumus salam, Malam Mai Zumuɗi,

Sunan da ka zaɓa wa kanka ya dace da kai. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na yi dariya a wurin jaki da tabarma, na kuma share ƙwalla a wurin kwanon. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Yabo ba laifi ba ne, kuma ban ga mugunta a zuciyarka ba ko ƙwaya ɗaya. Mutum ya ji muryar mahaifinsa bayan shekara huɗu, a inda bai zata ba, dole zumuɗi ya kwashe shi. Ban da irinku masu ɗoki ma, da wasan bai yi armashi ba, don babu ɗan wasan da ke son yi wa bango wasa. Wannan naka ke nan, kuma na ba ka shi cikakke.

Yanzu ka tsaya a inda Maijidda take. Da ƙanen mijinta ne kai, da abin ya zo da sauƙi, don akwai wasa a tsakani, ta zolaye ka ka zolaye ta a wuce wurin. Amma kai wan miji ne, kuma tun da Baba ya rasu kai ne uba a gidan. Macen da ke gaishe ka daga bayan labule ta samu wuri ɗaya a duniya inda take buɗe baki ta yi faɗa, ta yi gori, ta ba da dariya, ba tare da ta saɓa wa Allah ko mijinta ba. Abin da ya ba ta wannan damar shi ne ba a san ita ce ba. Ɓoyayyen sunan nan mayafinta ne, kai kuwa ka yaye shi a gaban mutum ɗari biyu kana sa mata albarka. Albarkar ta isa, amma mayafin ya riga ya faɗi. Ka lura kuma ɓarna biyu ce. Jama'a sun san ita ce, wannan ɗaya. Ita kuma ta san kana wurin, kuma ina kyautata zaton wannan ta biyun ta fi yi mata nauyi.

Kashedi biyun da Malama Amatullah ta yi maka tun farko, da wannan, duk ciwo ɗaya ne. A kara aikinka ne ka shiga tsakani, a Garin Kanya kuwa kai baƙo ne da aka shimfiɗa wa tabarma. Ina so sauran 'yan Rumfa da ire-irensu su ji wannan, don wasiƙu irin taka sun fara yawa a teburina. Ɗan kallo yana da 'yancin ya yi dariya, ya ji haushi, ya yi hasashen abin da zai faru gobe. Ba shi da 'yancin juya labari, ko bin ɗan wasa ta bayan fage da shawarar da ba a nema ba. In saniyar labari ta fito da haƙoran da ba nata ba, a jira a tashi wasa, a faɗa wa shugaba cikin jimla ɗaya. In za a yaba, a yabi Ɗantsoho, mai yin sa zai ji daɗi a inda yake. In kuwa ka gane waye, to amana ce ta faɗo hannunka, ko da ba wanda ya ba ka ajiyarta. Masu tambaya ko tana da ƙanwa kuma, su ji kunya, matar aure ce, kuma irin wannan surutun ne ke korar mata daga wurare irin wannan.

Sai dabarunka uku. Atamfa da zuwa takanas, a'a. Za ka tilasta mata ta durƙusa a gabanka ta ce ba komai Yaya, alhali akwai komai, ka tafi kana jin an gama ita kuwa ta ƙara shigewa ɗaki. Roƙo a gaban jama'a ya fi muni, don sake kiran sunanta ne a inda bai kamata a kira shi ba tun farko, kuma ka ɗora mata nauyin mutum ɗari biyu. Ta ukun kuwa, wadda ta fi kwanta maka, ita ce na fi ƙi. Yaudara ce, Malam. Za ta dawo ne bisa yardar cewa ba ka nan, kai kuwa kana laɓe. Ka kuma yi wa kanka adalci, mutumin da ya yi ihu a tsakiyar shanu, kwana nawa zai yi shiru in Ɗantsoho ya sake kawo wani labarin gidanku? Ran da ta gane, kunya za ta koma rashin yarda, kuma wannan ba ya gyaruwa da atamfa.

Ga abin da nake ganin za ka yi, kuma a yau, kada ka jira Juma'a. Ka rubuta wa Malama Amatullah ita kaɗai, a rubuce ba da murya ba, layi uku sun isa. Ka amsa laifinka, ka roƙe ta ta kafa doka cewa duk wanda ya sake ambaton sunan wani ɗan wasa ko ya yi tambaya a kansa za a cire shi, sannan ka gaya mata za ka fita daga Dandali da Rumfa gaba ɗaya. Ka fita ba tare da jawabin bankwana ba. Bayan haka ka ba Shatu saƙo, ita ce faccalarta, sun fi kusa. Ta same ta ta ce Yaya ya ba da haƙuri, ya gode da yadda ta riƙe Baba da ransa da kuma bayan ransa, ya fita daga zauren kuma ya yi alkawarin ba zai koma ba, da sunansa ko da wani suna. Kada a haɗa da roƙon ta dawo. Daga nan kada ka ƙara tayar da zancen, ko da Hafizu, in ka je gida ka amsa gaisuwa yadda ka saba.

Ba zan yi maka alkawarin za ta koma ba. Mai yiwuwa ta ga abin ya riga ya lalace mata, kuma wannan haƙƙinta ne. In haka ta kasance, ka roƙi Malama alfarma ɗaya, kada wani ya rubuta ƙarshen Ɗantsoho sai da yardar mai shi, ita ta raine shi, ita ta san yadda ya kamata ya tafi. Kai kuma ka riƙa tuna wa zuciyarka cewa Ɗantsoho ba Baba ba ne. Baba yana inda addu'arka da sadakarka ke isa gare shi. Labaransa kuma ba su ɓace ba, suna nan a ƙirjin wata baiwar Allah a cikin gidanku, jikokinsa za su ji su daga bakinta in aka bar ta ta sake.

Na san abin da nake nema a wurinka ba ƙarami ba ne. Cikin mutum ɗari biyun nan babu wanda ya kai ka son tsohon nan, kuma kai kaɗai ne ba zai iya magana a gabanka ba. Zaɓin da ke hannunka biyu ne: ka zauna a Rumfa kana jiran wanda ba zai zo ba, ko ka tashi ya samu hanyar shigowa. In ka tashi kuma Allah ya sa ya dawo, mutane za su yi ta dariya bayan la'asar kai ba ka san me aka ce ba, kuma za ka ji zafin haka sosai. Ka daure. Maijidda ta yi wa mahaifinka hidima shekara uku ba ta nemi a gani ba, kai ma ka yi mata wannan guda ɗaya ba tare da ka gani ba.

Allah ya ba ka juriya, ya sanyaya zuciyar Maijidda, ya ƙara haɗa kan gidanku.

Taku,
Hajiya Adama